Ƙafar Bayan Keken Baba Kumai

Sunana Musbahu, gyaran keke nake yi a nan Kafanchan, a rumfar da na gada wurin mahaifina, gab da layin dogo in ka fito daga kasuwa. Ni ba mai son maganar mutane ba ne sai an ɓata mini rai. To a kan Baba Kumai an ɓata mini, kuma har yau ban huce ba. Shi ya sa zan faɗi yadda na san mutumin nan tun daga farko, kafin masu zaƙin baki su gyara labarin ya koma wani abu dabam.

Kumai ɗan wani ƙauye ne a gindin duwatsun Kagoro. Ubansa manomin acca ne da citta, 'ya'ya da yawa, gona kaɗan. Ya ɗan taɓa makarantar mishan har ya iya karanta Littafi Mai Tsarki da waƙoƙin coci, daga nan talauci ya ce ya isa haka. Yana saurayi ya gangaro Kafanchan ya shiga dako a tashar jirgi, lokacin tashar tana tasha, ba yanzu da awaki ke kiwo tsakanin ƙarafa ba. Kansa ya sha gammo har gashin tsakiya ya ƙi sake fitowa. Da ya ga wuyansa zai karye a banza, sai ya sayi wani tsohon baƙin keke a hannun wani mai bishara da tsufa ya zaunar, ya turo shi wurin mahaifina ya ce a mai da masa shi jaki.

Mahaifina ya yi dariya, amma ya yi aikin. Ya cire kariyar da keken ya zo da ita, wato mazaunin kaya na baya, ya jefar, ya sa mai walda ya ƙera wata da rodin gini, mai faɗin da buhu zai kwanta a kai. Ya ƙara sanda ta biyu a tsakiya. Ƙafar baya ce ta ci masa lokaci, don sai da ya buɗa ramukan rim ya ɗaure ta da sifok na mashin, tsinkayen ƙarfen nan masu kauri, tunda na keke ba sa jure irin kayan da Kumai ke nufi. Da aka gama, keken ya yi nauyin da ba a kifa shi ƙasa kamar sauran kekuna in za a cire ƙafa. Dole wani ya ɗaga kariyar ya riƙe, wani ya durƙusa ya kwance. Mahaifina ke riƙewa, daga baya ni na karɓa, amma durƙusawar ta Kumai ce. Bai taɓa yarda wani ya sa hannu a notocin ƙafar bayansa ba, wai tunda shi zai gangara tudu da kaya, shi zai ɗaure.

Babu abin da keken nan bai ɗauka ba. Buhunan citta, doya, gawayi, jarkokin manja, kwanon rufi, bencinan coci, har akwatin gawa na gan shi da shi, babu kowa a ciki dai. Yakan ɗaure kaya da igiyar roba ta tsohon tif, ya girgiza, ya tsaya ya saurara, in wani abu ya motsa ya kwance duka ya sake. A hawa turawa yake yi, kansa a sunkuye, gumi na ɗiga a kan sanda. A gangara kuma sai ka ji ƙararrawarsa tun daga nesa, mata suna janye yara daga hanya.

Ran Alhamis aladu yake kai wa mutane kasuwar Katsit, a ɗaure a kan kariya suna tsala ihu. In keken ya samu matsala a irin ranar, ba ya kawo shi rumfarmu sai ya bi ta rafi ya wanke shi da toka da sabulu, tun daga kai har feda. Babu wanda ya taɓa ce masa ya yi haka. Mahaifina yana ganin keken ya zo a jiƙe sai ya ce ashe yau Alhamis, su yi dariya su kama aiki, kuma iyakar abin da suka taɓa faɗa ke nan a kan maganar. Hausarsa kuwa sai shi. Ba ruwansa da mace ko namiji, mata "ya zo", ƙafa "ya lalace", kowa da komai "ya" ne. Mahaifina ya yi ta tsokanarsa har ya gaji ya bari. Ni kuma Yaron Malam yake kira na, har yanzu da furfura ta cika mini gemu.

Ya auri Lai'atu, mace mai ƙarancin magana, mai sayar da daddawa da ganyen miya a bakin kasuwa. Da keken nan suka ɗora rufin kwano, da shi suka yi wa 'ya'ya makaranta, har suka girma suka watse, wannan Abuja, wancan Jos. Lokutan da garin nan ya rikice, aka hana mashin fita, kowace unguwa ta kulle kanta, keken Kumai ne ke ratsawa da garin masara da magani, wannan gefe su bar shi ya wuce, wancan gefe su bar shi. Daga baya 'yan acaɓa da Keke Napep suka cinye aikin cikin gari, sai ya koma gonakin da hanyarsu ta ƙafa ce, inda mashin ke kafewa a fadama. Shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa, manoma suka tono baƙin ruwa maimakon amfani, aikin nan ma ya ragu. 'Ya'yansa suka ce ya zauna su riƙa aiko masa. Ya ƙi. Ya ce mini ya ga yadda ake yi wa tsohon da ya zauna: yana zaune za a riƙa maganarsa a kansa, ana tambayar matarsa ko ya ci abinci, kamar shi ba shi da baki.

Ni na fara lura idonsa ya samu matsala. Zai zo ya gaishe ni yana fuskantar ginshiƙin rumfa. In na miƙa masa sifana sai hannunsa ya wuce ta gefe kafin ya kama. Na yi gum, don Baba Kumai ba ya ɗaukar raini, kuma ba hurumina ba ne. Ana nan, wata rana da rana tsaka, ya ɗauko doya daga wajen Gidan Waya, ya shiga kwalbati kai tsaye. Wata a-kori-kura ce ta kwaso shi da keken da ragowar doyar. Shi ya tsira da ƙujewa da targaɗe a kafaɗa, amma ƙafar baya ta lanƙwashe kamar faifan da aka taka, sifok sun tsinke, rim ɗin ya tsage. Ya ce akuya ce ta gitta masa. Direban da ya kawo shi ya dube ni ya girgiza kai, don babu ko kaza a wurin.

Kashegari da safe, ina share gaban rumfa, sai ga Lai'atu. Ba ta taɓa zuwa wurina ita kaɗai ba. Ta ƙi zama, ta tsaya tana murza bakin zanenta, ta ce sun je asibiti tun watannin baya, likita ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa. Na dama ya tafi, na hagu saura ɗan haske, shi ma tafiya yake yi. Ya hana ta faɗa wa kowa, har 'ya'yansu, har fasto. In ta ɓoye keken ba zai sake cin abincinta ba. In kuma ya hau, ko ya mutu ko ya kashe ɗan wani.

"Ɗana," ta ce, "ka ce masa babu ƙafan. Ka rufa masa asiri, Allah ya rufa naka."

Wallahi irin ƙafar nan ko a barci aka tashe ni zan ɗaura ta, a hannun mahaifina na koya. Amma na ce to. Da Baba Kumai ya zo da kafaɗa a ɗaure, na shirga masa cewa irin rim ɗin ya yanke a kasuwa, na aika Kano, ana jira. Na ɗora bayan keken a kan bulo a gefen rumfa, na rufa masa buhu.

Daga nan duk ranar kasuwa sai ya zo. Da ƙafa yake zuwa, yana bin layin dogo tun daga unguwarsu, don layin ba ya karkata kuma jirgi ya yi wuyar gani. Zai yi sallama, ya lalubi benci ya zauna, ya ce, "Yaron Malam, kafan ya zo?" In ce bai zo ba tukuna. Sai ya yaye buhun ya goge keken tas, ya ɗiga wa cen, sarƙar keken, mai, ya gwada ƙararrawa. Masu wucewa su tsaya su tambaye shi yaushe zai dawo aiki, ya ce ƙafa yake jira, wannan malalacin ya ƙi kawowa. Su zage ni cikin raha, in sha mur in haɗiye. Mata su ce in keken ya gyaru suna da masara a gona, ya tsaya ya yi ciniki da su sosai, har ya yi fushi in sun taya da arha. Rana ta yi sanyi ya tashi ya kama layinsa. A idon gari shi mai aiki ne da ƙafar keke ta tsayar, kuma wannan ne kaɗai abin da ya rage masa.

Da farko ƙaryar tana damuna, ina ganin ina yaudarar abokin ubana. Sai wata rana na ɗaura wa wani mai gawayi ƙafa irin ta Baba Kumai sak, na rataye ta a ginshiƙi, na manta ban kawar ba. Baba Kumai ya shigo, ya kai hannu zai dafa ginshiƙin kamar kullum, sai hannun ya sauka a kan ƙafar. Ina kallon yatsunsa suna bin rim, suka gangara kan sifok, ya matsa guda biyu ya ji taurinsu, ya shafa inda aka buɗa ramin. Mutumin da ya yi shekara da shekaru a kan irin ƙafar nan ba zai kasa gane ta ba. Ya daɗe yana riƙe da ita. Sannan ya saki, ya nemi benci ya zauna, ya share hannunsa a wando.

"Yaron Malam, kafan ya zo?"

"Bai zo ba, Baba."

"To. Allah ya kawo."

Ranar na gane ashe ba ni kaɗai ke riƙe da ƙaryar nan ba, mu biyu ne, kuma shi ya fi ni bukatarta. Tausayinsa ya kama ni har na kasa cin abincin rana. Daga ranar ban ƙara jin nauyin faɗin "bai zo ba" ba, har ƙari nake yi, in ce motar da ta ɗauko ta lalace a Kachia, shi kuma ya yi tsaki ya zagi direbobin zamani.

Da an bar mu haka da mun ci gaba har Allah ya yi ikonsa. Sai Mama Magdalene ta shigo maganar. Ita ce shugabar zumuntar mata a cocinsu, mace mai jiki da murya, mai son alheri, ban hana ta wannan ba. Marayu nawa ta yi wa makaranta, gwauraye nawa ta kai wa hatsi. Amma alherinta ba ya tafiya sai da kiɗa, kuma in ta ga abu sau ɗaya ta gama fahimtarsa, ba ta tambaya. Ta zo rumfata wata safiya ta tsaya a kaina, ta ce wata nawa ke nan tsoho yana zarya a kan ƙafar keke guda, ko kunya ba na ji. Na ce Mama, ki je ki tambayi matarsa. Ta ce ba matarsa ke gyaran keke ba. Na sake cewa don Allah ta ga Lai'atu tukuna. Ashe sun riga sun shirya a zumunta za su ba iyalin mamaki, sun ɓoye wa Lai'atu, sun yi karo-karo, sun ba wani direban Jos saƙo da tsohuwar ƙafar wani keken dako a matsayin samfur. Ni duk ban san wannan ba sai daga baya.

Ranar kasuwa ce, Baba Kumai na zaune yana goge kan kekensa, sai muka jiyo waƙa daga kan titi. Mata ne cikin zanen zumunta iri ɗaya, da tukunyar kiɗa da caki, suna tafe suna rausaya. Magdalene na gaba, ta ɗora sabuwar ƙafar keke a ka, an ɗaura mata ƙyalle ja, taya sabuwa, an ma buga mata iska. Jama'a suka biyo su, 'yan acaɓa suka kashe mashin suna kallo, mahauta da masu gwari suka miƙe daga rumfunansu. Na dubi Baba Kumai. Tsumman da ke hannunsa ya tsaya cak, ya karkata kunne, kuma na ga lokacin da ya ji sunansa a cikin waƙar.

Suka kewaye rumfar. Magdalene ta yi doguwar addu'a, ta gode wa Ubangiji da ya ji kukan bawansa, ta lissafa kayan da Baba ya ɗaukar wa matan nan tun suna amare, sannan ta ɗora masa ƙafar a cinya. Aka yi guɗa. Ya riƙe ta da hannu biyu.

Na yi ƙoƙari, Allah ya sani. Na karɓi ƙafar na jujjuya ta, kuma aikin ya yi kyau, ko waye ya ɗaura ta ya san hannunsa. Na ce aksul ɗin, ƙarfen tsakiyarta, ya yi tsawo, sai an rage, a bar mini ita zuwa wani mako. Ai kuwa kamar na zuba fetur. Magdalene ta juya ga jama'a ta ce kun ji ko, abin da take faɗa ke nan. Ta nuna ni da yatsa.

"Da a ce naku ne, da tuni ka gyara. Don namu ne kake wasa da shi."

Wanda bai zauna a garin nan ba ba zai san nauyin "naku" da "namu" ba. Mu mun san abin da kalmomin nan suka ci mana. Nan take wurin ya canza. Wani mahauci ya ce me take nufi, wani ɗan acaɓa ya ce abin da ta faɗa gaskiya ne, aka fara matsowa, kowa na neman gefen da zai tsaya. Raina ya ɓaci har idona ya rufe. Keken da ubana ya ƙera da hannunsa, mutumin da ya ɗauke ni a kan kariya ina ƙarami, yau ni ake gaya wa haka a gaban rumfar ubana. Amsar tana bakina, kalma uku ce kawai, amma ba tawa ba ce da zan faɗa. Na cije leɓe na yi shiru, shirun kuma ya ƙara ba ta gaskiya.

Sai Baba Kumai ya miƙe. Bai ɗaga murya ba.

"Ya isa. Yaron Malam, ba ni sifana. Rike mini."

Na ce Baba, a hankali yadda shi kaɗai zai ji. Ya ce in riƙe. Na je na kama kariyar na ɗaga, na ture bulon da ƙafa, nauyin keken ya dawo hannuna. Ya durƙusa a cikin ƙura, gwiwoyinsa suna ƙara. Tsohuwar ƙafar tana nan a jiki yadda hatsarin ya bar ta. Ya lalubo notin dama ya sassauta, ya zagaya hannu ya sassauta na hagu, ya kwance ƙananan notocin da ke jan cen, ya saki sandar birki don robobin su buɗe. Ya tura ƙafar gaba kaɗan, cen ya yi sako-sako, ya zare shi daga haƙoran firiwil, faifan da cen ke juyawa, da yatsa ɗaya, ya ja lanƙwasasshiyar ƙafar ta fito ya jingine ta. Duk wannan kansa na sama, idonsa na kan rufin rumfa. Matan suka ɗauka gwaninta ce, suka sake kama waƙa.

Ana cikin haka Lai'atu ta iso, wani ya je ya gaya mata. Ta kutsa cikin mutane da daddawa a hannu, ko ajiyewa ba ta yi ba. Ta ga mijinta a durƙushe da sabuwar ƙafa, ta dube ni, na sunkuyar da kai. Matan zumunta suka rungume ta suna ce mata ta ga abin da Yesu ya yi. Ta tsaya a cikinsu kamar an dasa ta.

Ya shigar da sabuwar ƙafar, ya ɗora cen a haƙora, ya ja ta baya har cen ya yi daidai, ba tauri ba sako-sako ba. Ya sa manyan yatsunsa biyu tsakanin taya da ƙarfe, dama da hagu, yana auna tsakiya. Wurin mai da notin hagu ne ya kuɓuce masa ya faɗi. Ga shi nan a fili kusa da gwiwarsa, yana ƙyalli a rana, ko yaro zai gani daga tsallaken titi. Hannunsa ya dinga dafa ƙasa, ya bi ta gabansa, ya bi ta bayansa, ya kewaye shi bai taɓa shi ba. Hannuwana biyu suna riƙe da kariya, ba yadda zan yi. Na ji mai tukunya ta rage kiɗa. Lai'atu ce ta sunkuya kamar za ta gyara zani, ta tura masa notin ƙarƙashin tafinsa. Ya ɗauka ya mai da shi. Ya ɗaure dama kaɗan, hagu kaɗan, ya koma dama, har suka kama. Ya mai da birki, ya murza feda da hannu, ƙafar ta juya sumul ba ta taɓa ko'ina. Ya kara kunne ya saurara, ya matsa birki ta tsaya. Ya ce in sauke.

Na sauke. Ban taɓa ganin an sa ƙafa da kyau kamar wannan ba, kuma ban taɓa baƙin cikin ganin aiki ya yi kyau ba sai ranar.

Magdalene ba ta ga maganar notin ba, tana can tana gaya wa mutane cewa ga shi aksul ɗin da aka ce ya yi tsawo ya shiga lafiya lau. Ta tafa hannu ta ce Baba ya hau su gani, ya zagaya ko sau ɗaya ne a kunyata Shaiɗan. Wasu suka amsa, a hau, a hau. Ya kama kan keken ya tura shi, mutane suka buɗa masa, ya bi ɗan gangaren gaban rumfa har tayar gaba ta taɓa kwalta. Ya ɗora ƙafar hagu a feda. Titin ranar kasuwa ne, mashina na wucewa ta ko'ina, motocin haya na sauke mutane, masu baro na ihu a ba su hanya. Ya tsaya yana saurare. Ya juya kai dama, ya juya hagu, ya sake komawa dama. Waƙar ta yi ta raguwa, murya ɗaya bayan ɗaya, har ya rage caki kaɗai, shi ma ya yi shiru.

Ya sauke ƙafarsa daga feda. Bai juyo ba, titi ya fuskanta, amma kowa ya ji.

"Ku bar yaron nan, ba shi da laifi. Kafa yana nan tun tuni. Ni ne ba na gani."

Magdalene ta dafe baki da hannu biyu. Mahaucin da ke neman faɗa ɗazu ya koma baya ya zauna a kan bencina. Na je na karɓi keken daga hannunsa, ya sakar mini ba musu, abin da bai taɓa yi ba. Da ya rasa abin dafawa sai ya ɗan yi tangaɗi, ya kira sunan Lai'atu, ya miƙa hannu yana nemanta. Amma ita tana bayansa tana kutsowa cikin mata, shi kuma wajen titi ya miƙa, tafin a buɗe.

Daidai lokacin wata mata ta sauko daga motar Manchok da jaka a kafaɗa. Baƙuwa ce, ba ta san komai ba, ba ta san shi ba. Ta ga tsoho a bakin titi, gwiwoyi duk ƙura, ido a kafe, hannu a miƙe. Ta buɗe jakarta ta ciro 'yar takardar kuɗi ta sa masa a tafi, ta ce Baba a sha ruwa, ta wuce abinta tana gyara ɗankwali.

Ya murza takardar a tsakanin yatsunsa har ya gane ko mece ce. Lai'atu ta iso ta kai hannu za ta fizge ta jefar, sai ya dunƙule hannun ya hana ta. Ya juya wajen da takun matar ya bi, ya ɗan rusuna.

"Na gode," ya ce. "Allah ya sa albarka."

Ni dai na tura keken na koma cikin rumfa, don ban iya tsayawa in ga sauran ba.